Daga Zago zuwa Bindigar Iska: Makaman Farauta a Ƙasar Yauri

Tun kafin bindiga ta iso bakin Kogin Kwara, maharban ƙasar Yauri, da na Ngaski da Shanga, ba su taɓa ɗaukar makami ɗaya don kowace irin dabba ba, domin girman nama da kaurin fatarsa su ne suke zaɓa wa mutum abin da zai riƙe. Sarkawa da Gungawa, waɗanda rayuwarsu ta dogara da ruwa, suna tunkarar dorina da zago, wato babban mashi mai ƙugiya da ake ɗaura wa igiya da wani abu mai yawo bisa ruwa, ta yadda ko dabbar ta nutse, mutanen jirgi za su ga inda ta nufa. Har yau ana danganta asalin bikin Rigata da wannan jarunta. A tudu kuwa, Kambari da maharban Hausa sun dogara da kwari da baka, da dafin da ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani, wanda yake tsayar da zuciyar gwanki ko ɓauna ko da kibiyar ba ta shiga sosai ba.

Bindigar da ta fara yaɗuwa ita ce adaka, wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, kuma daɗewarta a hannun jama'a ba ta rasa nasaba da siyasa ba, domin yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu kawai. Maƙera sun ƙware wajen ƙera ta, amma harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, shi ya sa dole maharbi ya matso kusa, wani lokaci da rarrafe, sanye da kan burtu a goshi yana kwaikwayon kiwon tsuntsun.

Kammala madatsar Kainji a 1968 ta shanye tsibirai da fadamu masu yawa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, sannan dazuzzukan Borgu da Zugurma suka zama gandun da gwamnati take karewa, inda aka haramta farauta. Abin da ya rage wa mai gona shi ne ƙananan namun daji: kurciya, hasbiya, fakara, zabon daji, zomo da gafiya. A nan ne bindigar iska ta sami gurbi. Ba ta cin albarushi. Idan aka karya bututunta, wani ƙarfe mai lanƙwasa yana takurewa a ciki, da an ja kunama sai ya saki, ya ingiza iskar da take cilla 'yar ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Ta farkon ta fi tafiya a miƙe, ta dace da tsuntsu, ta biyun ta fi nauyi, ta fi dacewa da zomo.

Sai dai kuskure ne babba, kuma zalunci ne ga dabba, a auna gada ko gadu da irin wannan bindiga, domin ƙwayar ba ta da ƙarfin kashewa nan take, sai dai ta bar rauni mai ruɓewa, naman ya mutu a daji bai amfani kowa ba. Akwai manyan bindigogin iska masu tulun matsattsiyar iska da ake harbin barewa da su a Amurka, amma tsadarsu da kayan cika su sun sa ba na manomin karkara ba ne. Ita ma ƙaramar ba abin wasan yara ba ce a idon hukuma, domin dokar makamai ta 1959 ta jera ta tare da bindigogin farauta da ba a riƙe su sai da lasisin 'yan sanda.