Tsohon Garin Agadas da Ginin Ƙasa a Zamanin Siminti

A ƙarni na 15 ne Agadas ya zama mazaunin Sarkin Abzin, a kan hanyar ayarin da ke haɗa ƙasar Hausa da Arewacin Afirka. Garin ya tashi ne daga zangunan ƙabilun Abzinawa. Inda kowace ƙabila ta kafa bukkokinta, nan aka ɗora ginin ƙasa, aka bar iyakokin zangon yadda suke. Shi ya sa lungunan tsohon garin suke a karkace, kuma unguwanninsa 11 ba su yi kama da juna ba a fasali.

Hasumiyar babban masallaci ita ce alamar garin. Tsayinta mita 27 ne, da ƙasa zalla aka gina ta. Ana danganta asalin masallacin da shekarar 1515, an kuma sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta suna riƙe ginin, su ne kuma matakalar da magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya yi. Wato tun ranar da aka gina ta an san za a riƙa komowa gyara, aka tanadi wurin da mai gyaran zai sa ƙafa. Ginin ƙasa haka yake: rayuwarsa tana ga yaɓen da ake sabuntawa, da indararon da ake sharewa kafin damina. Gidan da aka yi wa sakaci na ƴan shekaru sai ya koma kango. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shigo garin a 1850 da sunan Abdulkarim, ya tarar da gidaje da yawa sun zube, saboda ciniki ya ja baya kuma jama'a ta ragu.

Barazanar yau ta sha bamban da waccan, domin yanzu mutane ƙaruwa suka yi. Haƙar yuraniyom a Arlit tun farkon shekarun 1970, da farin da ya koro makiyaya zuwa gari, da zirga-zirgar masu ƙetara hamada zuwa Libiya, duk sun cika Agadas. Kuɗi ya shigo, tare da shi bulon siminti da kwanon rufi da wayoyin lantarki da tallace-tallace a jikin bango. Ba a ga laifin maigidan da ya gaji da yaɓe ba, balle wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2009, lokacin da ruwan ƙoramar Telwa ya rushe dubban gidaje. Sai dai siminti a kan bangon ƙasa yaudara ce. Yana hana bango shan iska, danshi ya taru a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, har ranar da fuskar simintin za ta ɓalle gaba ɗaya. Ga kuma zafi: ɗakin kwano a watan Mayu ba ya kwantuwa, alhali soron ƙasa na riƙe sanyi.

A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Wannan ya kawo iyaka a taswira, da ƙa'idar neman izini kafin a sāke fasalin gida, da ofishin da ke lura da wurin tare da fadar sarki da hukumar gari. Amma rajistar ta zo a lokacin da masu yawon buɗe ido suka riga suka janye, tun bayan tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya. Kuɗin da aka sa rai zai biya ladan magina bai zo yadda aka zata ba.

Masallaci da fada suna da masu kula da su, domin jama'a na taruwa a yi musu aikin gayya. Gidajen talakawa ne ke cikin haɗari, musamman gidan gado da magada da yawa suka mallaka, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗin yaɓe. Doka tana iya hana mutum ɗora bulo, amma ba ta sayo masa ƙasa da ruwa, ba ta kuma biya magini. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19, shi ma ginin ƙasa ne, a daminar da ta yi wa Agadas ɗin kansa ɓarna.