Galahanga: Yadda Aka Sauke Laifi Daga Kan Uwa

A ƙasar Hausa idan yaro ya kai shekara uku bai fara magana ba, ba ya duban idon mai yi masa magana, ba ya amsa kira alhali kuwa kunnensa lafiya lau, sai a fara raɗe-raɗi. Wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ce ɗan ruwa ne, a ƙarshe dai kan uwa maganar take faɗawa: ai ita ce ta yi wanka da almuru tana da juna biyu. Wannan lalura ita ce likitoci ke kira otizim, gidajen rediyo kuwa suka ara mata sunan galahanga, ko da yake sunan ya yi mata faɗi, don ana kiran waɗansu lalurorin dabam da shi.

To, ba mu kaɗai muka zargi uwa ba. A shekarar 1943 wani likita mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ya bayyana halin yara 11 waɗanda suka keɓe kansu, ba sa son a sāke musu abin da suka saba. Ya kuma lura, a ganinsa, iyayensu ba su da sakin fuska. Daga wannan ƙaramar magana aka gina babban zalunci. Bruno Bettelheim na Chicago ya yayata cewa rashin ƙaunar uwa ne ke jawo lalurar, har ya wallafa littafi a kan haka a 1967, aka riƙa raba yara da iyayensu da sunan magani. A nawa ra'ayin wannan ya fi camfin aljanu muni, saboda ya zo da hatimin masu ilmi, uwa kuwa ba ta da bakin musu.

Iyaye ne suka karya wannan zance. A 1962 waɗansu iyaye a London suka kafa ƙungiya, a 1965 suka buɗe makaranta a unguwar Ealing, wata malama Sybil Elgar tana shugabanta. A Amurka kuma Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da lalurar, ya kawo hujjoji a 1964 cewa asalinta a halittar ƙwaƙwalwa yake. Binciken da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi kan tagwaye a 1977 ya nuna gado yana da hannu ƙwarai a ciki.

A wancan zamani ana jin cewa ciwon Turawa ne kawai. Victor Lotter ya zaga ƙasashe shida na Afirka, har da Nijeriya da Gana, ya duba yara fiye da 1,300 masu naƙasar fahimta, ya buga sakamakon a 1978. Kaɗan ya samu, amma dai ya samu, kuma waɗanda aka kai cibiyoyi ya gani. Na cikin zauruka da ɗakunan ƙauye ba su shiga lissafinsa ba.

A ƙasashen Larabawa ma mata ne suka ja gaba. A Jidda, inda alhazanmu ke sauka kafin su wuce Makka da Mina, ƙungiyar mata ta Faisaliyya ta buɗe cibiyar koyar da irin waɗannan yara a 1993. A Kuwait wata uwa, Samira al-Sa'ad, ta kafa tata a 1994. Ƙasar Katar ce kuma ta gabatar da ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2007, wanda ya keɓe ranar 2 ga Afrilu don wayar da kai.

A Nijeriya, sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Amma makarantun musamman na Arewa yawancinsu don makafi da kurame aka gina su, masu koyar da magana kuwa sun fi yawa a Legas da Abuja. Uwar da ke ƙauyen Sakkwato sai ta ɗauki ɗanta zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kafin a faɗa mata ko da sunan abin da ke damunsa.