Gidan Valvasor na ƙasar Kranjska: suna, tambari da gado

1. Gabatarwa

Cikin wannan ɗan nazari za mu dubi tarihin wani ƙaramin gidan sarauta na Kranjska, wadda Faransawa ke kira Carniole. A da tana ƙarƙashin daular Habsburg, yau kuwa ita ce tsakiyar Silobeniya. Tambayarmu ita ce: yaya gidan baƙi, wanda bai taɓa mulkin ƙasa ba, ya zama abin tinƙaho ga ƴan ƙasa?

2. Suna da asali

Mu fara da sunan. A Italiyanci valvassore na nufin baran bara, wato wanda ya karɓi ƙasa daga hannun wani da shi ma ke ƙarƙashin babban sarki. Ke nan sunan muƙami ne ya rikiɗe ya zama sunan zuri'a, kuma muƙamin na ƙasa-ƙasa ne.

Asalin gidan yankin Bergamo ne, a arewacin Italiya. Fatauci ya kawo Janez Krstnik Valvasor Kranjska cikin ƙarni na 16. Ya tara dukiya, ya sayi gidan Medija, ya rasu a 1581 bai bar ɗa ba. Gadon ya faɗa hannun Hieronim Valvasor, kakan Janez Vajkard Valvasor, wanda aka haifa a Ljubljana a 1641.

3. Tambari a matsayin harshe

Abin da muke kira tambarin gida shi ne zanen da ke kan garkuwar zuri'a. Ga mai nazarin harshe, wannan zane yana da nahawunsa. Wajen bayyana shi, launin fili ake fara faɗi, sannan babbar sura, sannan ƙanana. Ba a ɗora zinariya kan azurfa, ba a ɗora ja kan shuɗi. Dama da hagu kuwa na mai riƙe da garkuwa ne, ba na mai kallo ba.

Janez Vajkard ya ɗauki wannan harshe da muhimmanci. A 1672 ya sayi gidan Bogenšperk, a 1678 ya buɗe ma'aikatar zane kan tagulla a cikinsa. Tsakanin 1687 da 1688 ya sa aka haɗa kundin Opus insignium armorumque mai tambura 2041. A 1689 aka buga babban aikinsa, Die Ehre des Hertzogthums Crain, wato Darajar Kranjska, a Nuremberg: juzu'i 4, shafi 3532. Kashi na 9 ya jera tamburan gidajen sarautar ƙasar. Kafin nan, a 1687, ƙungiyar masana ta Landan, Royal Society, ta karɓe shi saboda bayaninsa kan tafkin Cerknica mai cika yana ƙafewa.

4. Abin da aikin ya ci

Aikin ya cinye dukiyarsa. A 1690 ya sayar da littattafansa ga bishop na Zagreb, shi ya sa kundin tamburan yake can har yau. A 1692 ya sayar da Bogenšperk, ya koma Krško, ya rasu a 1693.

5. Kammalawa

Idan muka kwatanta shi da babban gidan Celje, za mu ga gado iri biyu. Gidan Celje ya ƙare a 1456, amma taurarinsa uku na zinariya sun shiga tambarin Silobeniya a 1991. Tambarin Valvasor bai samu wannan daraja ba. Abin da gidan ya bari shi ne rajistar tamburan wasu.

Akwai kuma batun harshe. Da Jamusanci Valvasor ya yi rubutu, harshen masu mulki, alhali talakawan da ya bayyana Silobeniyanci suke yi. Duk da haka jikokinsu sun ɗauke shi nasu: hotonsa ne ke kan takardar tolar 20 kafin yuro ya zo a 2007, kuma tsakanin 2009 da 2012 aka fitar da cikakkiyar fassarar littafinsa cikin harshensu. Muna ganin dalilin a fili yake: a cikin littafin baƙon nan suka tarar da sunayen garuruwansu da al'adun kakanninsu a rubuce.