Yadda Sujadar Kirista Ta Zama Hadayar Zuciya

A zamanin da Haikali ke tsaye a Urushalima, ba a zuwa sujada hannu rabbana. Kullum firistoci kan yanka ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ban da dabbobin masu neman gafara ko cika wa'adi. Mai hali ya jawo tunkiya ko bijimi, talaka ya kawo kurciyoyi biyu. Mai hadayar zai ɗora hannu a kan dabbar, a yanka, firist ya yayyafa jinin a jikin bagade.

Tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu annabawa irin su Amos da Mika suka fara jan kunnen jama'a cewa Allah ba ya karɓar hadayar mutumin da ke danne matalauta. Zabura ta 51 kuwa ta fifita zuciyar da ta tuba a kan dabbar da aka ƙona. Da Babila ta rushe Haikali wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, aka kwashi mutane bauta, sai addu'a da kiyaye Shari'a suka zama abin da ya rage musu.

Masu bin Yesu na farko sun gaji wannan koyarwa, suka kuma gaskata cewa mutuwarsa a kan gicciye ita ce hadaya ta ƙarshe domin zunubi. To, me ya rage mai bi ya miƙa? Wajen shekara ta 57 bayan haihuwar Almasihu, Manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Roma daga Korinti, ya roƙe su su ba da kansu ɗungurungum, da ransu, su zama hadayar. Saboda haka da sojojin Roma a ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikali na biyu a shekara ta 70, sujadar Kirista ba ta tsaya ba.

Maƙwabtansu sun ga abin baƙo. Mutanen da ba su da gunki, ba su da bagade, ba sa yanka, sai aka riƙa kiransu marasa allah. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya bincike su, ya aika wa Sarki Tirajan rahoto: sukan taru a wata rana tun kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu, su ɗauki alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. Bayan shekaru arba'in da wani abu, Jastin Shahidi ya bayyana taron Lahadi a Roma. Ana karanta Littafi, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a raba gurasa da ruwan inabi, sannan a tara baiko domin marayu, gwauraye, marasa lafiya, 'yan kurkuku da baƙi.

Wannan hadaya ba ta zo da sauƙi ba. A shekara ta 250 Sarki Disiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga allolin daula, ya karɓi takardar shaida. Wasu sun yi, wasu sun sayi takardar da kuɗi, amma waɗanda suka ƙi sun sha ɗauri, wasunsu suka rasa rayukansu, har da Fabiyan, bishop na Roma. Sai a shekarun 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta yanka wa gumaka a daular baki ɗaya.

Wannan gado ne ya iso ga masu bi Hausawa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Darasinsa a fili yake: waƙar Lahadi, baikon da aka saka, gaskiya a ciniki da duba gwauruwar unguwa duk hadaya ɗaya ce, kuma Allah ba ya karɓar rabinta.