Tambayoyi biyar da suka zaga jami'o'in duniya

A shekarar 1985 ne Ed Diener na Jami'ar Illinois ta Amurka da abokan aikinsa uku suka fitar da ma'aunin gamsuwa da rayuwa. Daga jimloli 48 suka yi ta tankaɗe da rairaya har suka rage biyar. Mutum zai karanta kowace ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 7 gwargwadon yardarsa da ita, makinsa ya tashi tsakanin 5 da 35. Da ɗalibai 176 suka fara gwaji, bayan wata biyu suka sake ba wasu daga cikinsu, amsoshin suka zo kusan yadda suke. Ɗalibi ne ke kusa da malami, shi ya sa har gobe a aji muke raba takardun nan.

Gajartar ma'aunin ta sa ya bazu. Wajen fassara shi zuwa wasu harsuna, mu masu bincike muka riƙa bin hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara, wani daban ya mayar da fassarar zuwa Turanci, a gwada su. Sai a lissafa ko jimlolin biyar sun tafi tare. Kusan ko'ina sukan tafi tare, mu kuwa muka ɗauka an gama magana.

Ashe da sauran rina a kaba. A 1995 binciken Diener kan ɗalibai sama da 13,000 a ƙasashe 31 ya nuna cewa ganin darajar kai ya fi tafiya da gamsuwa a inda kowa ke tashin kansa, fiye da inda dangi ke gaba. A shekarar ce kuma Chen da Lee da Stevenson suka gano ɗaliban Japan da Taiwan sun fi na Amurka son lambar tsakiya. A 2006 Shigehiro Oishi ya bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya tsakanin ɗaliban Amurka da na Sin, ya tarar ta huɗu da ta biyar ba sa aiki iri ɗaya a wuraren biyu.

Ta biyar ɗin ce ta fi damuna. Tana so mutum ya ƙaddara an maido masa rayuwarsa daga farko, ya faɗi ko ya yarda cewa kusan babu abin da zai canza. Ɗalibar da ta tashi da imani da ƙaddara, a Kano ko Damagaram, tana iya zaɓar 7 alhali kuɗin makaranta ya hana ta barci, domin a wurinta cewa za ta canza tamkar butulce wa Allah ne. Godiya ta rubuta, mu kuma mu shigar da ita gamsuwa.

Yanzu mai tantance maƙala na ƙwarai ba ya barin a jera makin ƙasashe biyu sai an fara nuna cewa kowace jimla nauyinta ɗaya a duka biyun. Sau da yawa gwajin kan tsaya a rabin hanya, sai a cire jimlar da ta ƙi, a yi kwatancen da sauran.