Endometiriyosis: wace mace ce tiyata ke raba ta da ciwon mara?

Endometiriyosis cuta ce da wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, kamar a kan ma'ajiyar ƙwai ko bangon mara, wani lokaci har a hanji ko mafitsara. Naman yakan kumbura ya yi jini duk lokacin al'ada, ya jawo matsanancin ciwon mara, da zafi yayin saduwa, da jinkirin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana damun kimanin mata miliyan 190, wato kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda ke shekarun haihuwa.

A yankunan karkara irin su Bagwai, irin wannan ciwo akan ɗauke shi sanyi ne, ko a ce haihuwar fari za ta kawar da shi. Mace takan daɗe tsakanin kemis da maganin gargajiya kafin a tura ta babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tiyatar da aka fi yi ita ce ta ƙaramar huda: a zura kyamara ta cibiya, a gano naman, a yanke ko a ƙone shi. Ga gidan da sai an sayar da hatsi ko dabba kafin a biya kuɗin aiki, wajibi ne a san abin da za a sa rai da shi.

A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga sakamakonsa a 1994, kusan kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka ƙone wa naman sun sami sauƙi bayan wata 6, alhali cikin waɗanda aka duba kawai kusan kashi 23 ne. Wani na 2004 ya nuna kashi 80 da kashi 32. Ke nan tiyata tana aiki, amma ba ga kowa ba.

Abin mamaki, matakin cutar, daga na 1 zuwa na 4, ba ya nuna tsananin ciwo. Sau da yawa mai ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai, ko wadda naman ya nutsa mata ciki, ta fi cin moriyar aikin a hannun ƙwararre, fiye da mai 'yan ɗigo-ɗigo a bangon mara. Wadda ciwonta ya zama na kullum, ba na kwanakin al'ada kaɗai ba, ko yake tare da ciwon mafitsara, ɗaurewar tsokar ƙugu ko ciwon damuwa, ita ce aka fi jin tsoron za ta tashi da ciwonta, domin jijiyoyinta sun riga sun saba kai saƙon zafi ko da an cire tushensa. Haka ma wadda naman ya shiga cikin tsokar mahaifar kanta.

Cutar kuma tana iya dawowa cikin 'yan shekaru. Saboda haka likitoci kan ba wadda ba ta neman ciki nan kusa ƙwayoyin tsarin iyali, ko robar mahaifa mai sinadari, bayan an yi aikin.