Ruwan Matsirga A Kalandarmu

Jama'a, da kwamitin marayu ya kawo shawarar a buga kalanda da hotunan kogunan ƙasar Jama'a don tara gudummawa, wasu cewa suka yi, wa zai sayi hoton ruwa? To, ai ruwan nan tarihinmu ne.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, iyayenmu fatake da jakuna suke ratsa ƙasar nan, kuma ba a yada zango sai a bakin rafi. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos, gari ya cika da leburori da 'yan kasuwa. A 1933 Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa nan. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya zuba a Matsirga, shi ya shayar da mu tare da Fantsuwam da Bajju.

Rikicin 1987 da ƙone kasuwa a 2011 sun cinye tsofaffin hotunanmu, amma Matsirga tana nan. Saboda haka a ɗauki hoton da damina, sa'ad da ruwa ya cika, a kai kalandar masallaci da coci duka. Kuɗin na marayu ne, maraici kuwa bai san ƙabila ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.